Neman shawara: ɗana ya maƙale wa littafin allolin Girkawa

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawun yarana ya dawo daga Ingila da tsarabar littattafai biyu masu hotuna, ɗaya tatsuniyoyin Girkawan da, ɗaya na mutanen Norwe da Aisilan. Khalifa shekararsa 9, da sai na yi da gaske yake buɗe littafi, yanzu har cikin bargo yake karatu da tocila. Amma jiya na same shi ya ɗaga muciya yana ce wa ƙanwarsa shi ne Tor mai gudumar tsawa. Ga wani Zeyus da suke kira sarkin alloli. In ƙwace ne ko in ƙyale shi?

Baban Ummi: Hajiya, ki ɓoye su kawai. Yaron da bai gama sanin tauhidi ba, me ya haɗa shi da alloli goma sha biyu a kan dutsen Olimfus?

Malama Hadiza: Baban Ummi, a yi haƙuri, ƙwacewa ƙara masa kwaɗayi za ta yi. Maman Khalifa, ki riga shi karantawa. Na yara yawanci an tace su, an rage neman matan Zeyus, amma wasu sun bar inda Kronos yake haɗiye 'ya'yansa. Wannan shafin ki tsallake, musamman da dare. Sauran ku karanta tare. Akwai Ikarus da ya ƙi jin maganar mahaifinsa, ya tashi kusa da rana har kakin fukafukansa ya narke. Akwai sarki Midas, komai ya taɓa sai ya koma zinariya, har abincin da zai kai baki. Loki na tatsuniyoyin Norwe kuwa ai Gizo ne sak, wayo da ɓarna. Kin taɓa ganin yaron da ya bauta wa Gizo?

Abu Sadik: Shi ma Snorri Sturluson, wanda ya tattara labaran Tor da Odin a Aisilan wajen shekarar 1220, Kirista ne. Mutanen ƙasar sun karɓi Kiristanci tun wajen shekarar 1000.

Maman Khalifa: Na gode, Allah ya saka. Yau kafin mu buɗe na sa shi ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku". Muciyata dai na karɓe.