Ƙwanƙwasa a ƙasan inji: nokin ne ko notin fulawil?

Mai Camry: Assalamu alaikum jama'a. Camry ce 2008, injin 2.4, otomatik. Tana wani ƙara daga ƙasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, musamman in tana sulo a P. An ce min inji ya yi nokin, in je kasuwar Ƙofar Ruwa in nemo wani injin ɗan Kwatano. Kwanakin baya aka canza mata giyabos. A ba ni shawara kafin in taɓa kuɗin jari.

Ogan Inji: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Wannan injin 2AZ kowa ya san shi da shan baƙin mai, balle na 2007 zuwa 2009. Mai ya yi ƙasa, mital (bawon ƙarfen da konrod ke zama a kai) ya cinye, konrod, wato sandar da ke riƙe fistin, ya samu wuri yana dukan kiransha, babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji. Ni a wurina duk ƙwanƙwasar da ta fito daga ƙasan inji nokin ce. A sauke tun bai fasa bulok ba.

Mai Giya: Oga, da girmanka, wannan "duk" ɗin ne ban yarda da shi ba. Ka tsallake maganar da ta fi muhimmanci: an sauke giyabos. A otomatik, tsakanin inji da giya akwai farantin ƙarfe siriri, fulawil ɗin da kik ke kamawa. Tsakiyarsa a ɗaure take da kiransha, gefensa kuma a ɗaure da kwanbata, wato tulun ƙarfen nan mai man giya da ke miƙa ƙarfin inji ga giya, a Toyota noti shida ne. Duk wanda ya sauke giyabos dole ya kwance su. In yaron gareji ya mayar da su bai ƙulle da kyau ba, kwanbata za ta riƙa wasa a jikin farantin, kuma ƙarar da take yi wallahi ko tsohon bakanike sai ya rantse konrod ne.

Ogan Inji: Malam, shekarun da na yi ina kwance inji kunnena ba ya ruɗuwa da ƙarar noti.

Mai Giya: Kunne ba awo ba ne Oga. Alhaji, ka tayar da ita, ka taka birki sosai, ka sa D. Sannan ka mayar P. Ka faɗa mana abin da ka ji. Kuma fitilar mai tana kamawa?

Mai Camry: Na gwada yanzu. A D ƙarar ta kusa ɓacewa, ina mayarwa P ta dawo. Fitilar mai ba ta kamawa, sandar mai ma tana kan layi. Abin da na lura kuma, in na kashe ta tana yin wani ƙwal sau ɗaya ko biyu.

Mai Giya: Madalla. Da ka sa D, giya ta ɗora wa kwanbata nauyi, ta danne notin gefe guda, wasan ya tsaya. Konrod ba ya haka. Shi in ka ba ta wuta ko ka ɗora mata nauyi ƙara tsananta yake, kuma ya fi fitowa in inji ya yi zafi mai ya tsinke.

Ogan Inji: Na sha ganin mital da ya ci fitila ba ta kama ba. Fitilar nan sai mai ya kusa rasa ƙarfi gaba ɗaya take haske. Kada a rataya rayuwar inji a kanta.

Baban Gareji: A nan Oga yana da gaskiya, fitila ba hujja ba ce. Amma ku biyun kuna musu a kan abin da rabin awa zai raba. A zare soket ɗin koyil ɗaya bayan ɗaya tana sulo. In konrod ne, da an kashe silindar da abin ya shafa ƙarar za ta ragu. A tsiyayi mai kaɗan a farin kwano a duba a rana, mital da ya ci yana barin ƙyalƙyalin ƙarfe. A ɗora dogon sukundireba a samfo, wato kwanon mai na ƙasan inji, sannan a mahaɗar inji da giya, a kanga kunne a ji inda ta fi ƙarfi, a kiyayi belt da fanka. In duk sun nuna giya, a kashe mota, a cire kan batir, a hau rami. Akwai ɗan murfi a ƙasa wajen mahaɗar. A buɗe, ɗaya yana juya kiransha da sifana ta wajen fulen da belt ke hawa, ɗaya yana taɓa notin da ya bayyana har shidan su zagayo.

Mai Giya: Allah ya ƙara girma Baba. Abin da nake cewa ke nan, a duba na ƙaramin kuɗi tukuna.

Ogan Inji: To a ce notin ne. Ku ƙulle, Alhaji ya kama hanyar Kaduna, ya dawo muku da ƙarar. Farantin da ya sha duka raminsa ya riga ya buɗe.

Mai Giya: Wannan sai an gani. In ramin yana nan da'irarsa, a sa sabon noti daidai tsawon na asali, a ɗiga gam ɗin noti, a kama shidan duka da hannu kafin a ƙulle ko ɗaya, sannan a bi su da sifanar awo. Kada a tsinto dogon noti a kwandon gareji, zai tokare bayan kwanbata ya lotsa ta, a tashi daga gyaran noti a koma gyaran giya. In ramin ya yi tsawo kamar ƙwai, ko an haska tocila an ga tsaga ko jan ƙura irin ta tsatsa wajen tsakiya, faranti ya tafi, sai an raba giya da inji an canza.

Wani Direba: Ba a yi masa walda? Tawa an taɓa yi mata.

Baban Gareji: A'a ɗana. Abu ne mai juyawa sau dubbai a minti, walda tana karkatar da shi ta ɓata masa daidaito, sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Kuma in an raba, a duba fil biyun nan da ke daidaita giyabos da inji. Masu sauke giya suna yawan yar da su, kuma rashinsu ke sa faranti ya yi ta lanƙwasa har ya tsage, ko sabo ne.

Ogan Inji: Ni dai ina nan a kan bakana sai na ga man nan a kwano. Alhaji, kada ka tuƙo ta, a jawo ta.

Mai Camry: Gobe da safe in sha Allahu za a jawo ta. Baba, wurin wa zan fara kai ta, mai inji ko mai giya?

Baban Gareji: Wurin wanda yake da rami. Su biyun su same ka a can, kowa da sifanarsa.