Muhawara: Harajin lemon kwalba zai rage ƙiba a Najeriya?

Masanin abinci: Tun 2022 gwamnatin tarayya ke karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, kuma ina goyon baya. Kwalba mai rabin lita na ɗauke da sukari kusan giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi a yini guda. Ga shi lemo ba ya ƙosarwa: a sha, a kuma cinye malmalar tuwo.

Likita: Malam, naira 10 a lita ai naira 5 ke nan a kwalba. Wa zai fasa saye? Hukumar da ka ambata cewa ta yi sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari kafin a gani a ƙasa. Meziko ta sa feso ɗaya, kuɗin ƙasarta, a lita a 2014, saye ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, ko an ƙara, zoɓo da kunun aya da kofin mai shayi fa? Ba mai karɓar haraji a kansu. Awo ya kamata a fara da shi a kowane asibitin sha-ka-tafi. A raba nauyi da tsawo, a sake rabawa da tsawo: mai kilo 90 da tsawon mita 1.7 zai samu 31, kuma daga 30 ƙiba ta zama cuta. Sai a zagaya tef ɗin tela daidai cibiya bayan an fitar da numfashi. Mace ta haura santimita 88, namiji 102, to a duba hawan jini da ciwon sukari.

Mai harhaɗa magani: Hajiya, akwai wanda ya fi wannan tayar min da hankali. Mata na sayen sha-ka-fashe don su yi ƙiba, galibi maganin rage kumburi ne mai suna dexamethasone. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya haura da sukarin jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya, jini na iya faɗuwa ta suma. Likita ne zai riƙa rage mata sannu a hankali.

Masanin abinci: Duk na yarda, amma kada a soke harajin, a gyara shi. Birtaniya a 2018 gwargwadon sukarin da ke cikin lemo ta yanka haraji, sai kamfanoni da yawa suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya.