DAC biyu, firi'am ɗaya: cif ne ya bambanta su ko haɗin ne?

Kunne_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kwatanta DAC guda biyu, wato na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa siginar lantarki da amfilifaya ke karɓa, ɗaya mai cif ɗin kamfanin ESS, ɗayan na kamfanin AKM. Na farko yana fitar da bolt 2 ta mahaɗin waya na RCA, na biyu takardarsa ta ce 2.3. Firi'am ɗina, wato na'urar bolum da ke tsakanin DAC da amfilifaya, yana ninka sauti da desibel 12, turjiyar shigarsa om 47,000, amfilifaya kuma wat 100 ce a kan om 8. Na biyun ya fi cika kunne, bes ɗinsa ya fi nauyi. Sai dai bolum da ƙyar nake murɗa shi ya kai daidai ƙarfe tara na fuskar agogo, kuma in na yi ƙasa da shi sifikar hagu tana rinjayar ta dama. Cif ɗin ne ya fi, ko akwai abin da bai zauna daidai ba?

MaiAwo:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a ɗora wa cif yabo ko laifi, a fara daidaita ƙara. Tsakanin bolt 2 da 2.3 akwai desibel 1.2. Kunne ba ya cewa "wannan ya fi ƙara" a irin wannan ɗan bambanci, cewa yake "wannan ya fi bes, ya fi fili". Nan ne yawancin masu kwatance suke zamewa.

Ga yadda za ka yi. Fara da DAC mai bolt 2, ka saka sauti tsantsa na 400 Hz, don ƙananan mitocin awon lantarki sukan yi kuskure in aka haura 1,000 Hz. Juya mita zuwa AC, ɗora ta a bakin amfilifaya inda wayar sifika take fita, ka murɗa bolum har ta nuna bolt 1. Kada ka sake taɓa bolum ɗin firi'am. Koma kan ɗayan DAC ɗin, ka rage mai ƙarfin daga nasa bolum ko daga manhaja har awon ya dawo tsakanin 0.99 da 1.01, wato kusan desibel 0.1. Sannan wani ya riƙa sauya maka su ba tare da ka gani ba, sau goma aƙalla, kana rubuta wanda kake zato. Ka kuma duba cewa duka biyun suna kan matatar sauti (filter) iri ɗaya, domin wasu matatun suna fara zaftare sautin sama kafin 20,000 Hz.

Dattijon_Sifika:
Maganar MaiAwo haka take. Ni batun bolum ɗin zan kama, don shi ne ainihin ciwon. Wat 100 a om 8 bolt 28.3 ke nan. In amfilifayarka tana ninki na desibel 26, kamar yadda da yawa suke, sau 20 ke nan, bolt 1.4 kawai take buƙata ta kai maƙura. DAC ɗinka shi kaɗai ya wuce haka. Firi'am kuma ya sake ninka 2.3 sau huɗu, ya zama 9.2. Rarar desibel 16 ce kake zubarwa a bolum. Shi kuwa bolum na murɗawa, layuka biyun da ke cikinsa ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa a farkon juyi, shi ya sa hagu take rinjaye.

Magani: in firi'am yana da maɓallin rage ninki, yi amfani da shi. In babu, sa 'yan marage na RCA, wato ƙananan mahaɗai masu rage ƙarfin sigina, masu desibel 10 ko 12. A bakin shigar amfilifaya sun fi amfani, don har da shuuu ɗin firi'am za su rage. In dai firi'am ɗin yana shaƙewa da bolt 2.3, a tasa shigar za ka sa su. Kada ka koma mahaɗin XLR mai ƙafa uku da nufin gyara, galibi bolt 4 take bayarwa, ƙari ne a kan ƙari.

Turjiya kuwa, ƙa'idar ita ce ta shiga ta ninka ta fita sau goma ko fiye. Yawancin DAC suna tsakanin om 50 zuwa 200, a gaban 47,000 ba abin damuwa.

Kunne_Biyu:
Allah ya saka da alheri. To in na cire firi'am ɗin gaba ɗaya fa, ko in sa wanda ba ya cin wuta?

Dattijon_Sifika:
Kai tsaye yana yiwuwa in DAC yana da bolum. Kowane desibel 6 da ka rage a dijital bit ɗaya ne ya tafi, amma a na'ura mai bit 24 rage desibel 20 zuwa 30 ba ya taɓa waƙar CD mai bit 16 ta yadda kunne zai ji. Haɗarin shi ne wata na'urar takan farka da bolum a cike bayan ɗaukewar wuta ko sabunta manhaja, twita kuma, wato ƙaramar sifikar sautin sama, ba ta yafe wannan. Kullum amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Firi'am marar wuta kuma yana da nasa sharaɗi. Turjiyar fitarsa tana kai rubu'in ƙimar bolum ɗin. Na om 10,000 yana ba da 2,500, lafiya lau. Na om 100,000 yana ba da 25,000, in ya haɗu da waya mai tsawon mita 3, fikofarad 100 a kowace mita, sautin sama ya faɗi da desibel 3 a wajen 21,000 Hz. Ɗauki na 10,000, wayar kuma kada ta wuce mita ɗaya ko biyu.

MaiAwo:
Ƙari kan na 10,000 ɗin: duba kafasitar da ke bakin fitar DAC, musamman masu kwalbar lantarki (tube). Mikrofarad 2.2 a gaban om 10,000 tana yanke bes a 7 Hz, ba komai. Amma 0.47 tana yankewa a 34 Hz, za ka ji ganga ta rame ka ce na'urar ce ba ta da kyau. In kuma ka ji ƙugi na 50 ko 60 Hz bayan ka jona USB da kwamfuta, gwada Toslink. Haske ne ke bi ta ciki, ba ya haɗa wayar ƙasa ta na'urorin biyu. Kada ka yanke ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe ƙugin, ita ce take kare ka in wuta ta taɓa jikin ƙarfen.