Sauka a Charles de Gaulle, tashi daga Beauvais a rana ɗaya: zai yiwu?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya karatu Italiya, kuma jirgin da zan hau daga Abuja zai sauka a filin Charles de Gaulle na Paris da sassafe. Na ga tikitin Ryanair zuwa Bergamo mai arha ƙwarai, amma an rubuta cewa daga "Paris Beauvais" zai tashi da azahar. Ina da akwati biyu, kowanne kilo 23. Don Allah waɗanda suka san wurin su ba ni shawara kafin in biya.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada sunan Paris da aka liƙa wa filin ya ruɗe ka, domin Beauvais gari ne mai zaman kansa da ke kimanin kilomita 85 arewa da birnin, kuma jirgin ƙasa ba ya shiga filin. Sai ka gama da jami'an shige da fice, ka jira kayanka, ka hau jirgin ƙasa na RER B zuwa cikin Paris, sannan ka nemi tashar bas ta Porte Maillot, inda motar zuwa filin Beauvais ke ɗaukar awa ɗaya da kwata idan hanya ba cunkoso. Duk wannan kana jan akwati biyu a matakalar tashoshin ƙarƙashin ƙasa, bayan ka kwana zaune a jirgi.

Abin da ya fi damuna shi ne tikitin biyu ba su san da juna ba. Idan jirgin Abuja ya yi latti ka rasa na Bergamo, kuɗinka ya tafi, sai dai ka sayi sabo a farashin ranar. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ke ba da diyyar Yuro 250 a gajeriyar tafiya idan jinkiri ya kai awa uku, ba ta ɗora wa kowane kamfani alhakin jirgin da ka saya daban. Kuma kada ka sa ran kwana a kan benci a filin Beauvais, domin an hana tashi da sauka tsakanin ƙarfe 12 na dare da 5 na asuba, ana kuma rufe zauren matafiya.

Maman Sudais:
Ɗana, lissafa kuɗin kaya tukuna. Farashin da ka gani ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kaɗai ya ƙunsa, kowane akwati kuɗinsa daban, kuma wanda ya haura nauyin da aka saya ana cajinsa kilo-kilo a gaban ma'auni. Haɗa da kuɗin bas da na jirgin ƙasa, za ka ga arhar ta zama ta gidan biri. Sannan mai fasfo irin namu ya kamata ya isa da wuri, saboda akan buƙaci a duba bizarsa a kantar kamfanin kafin ya nufi ƙofar shiga jirgi.

Abu Hanif:
Ni dai ba zan kushe filin ba. Tun 1997 Ryanair ke tashi daga can, Wizz Air ma na zuwa gabashin Turai, kuma ga wanda ke zaune a Faransa, mai jakar goyo ɗaya da zai je Porto ya dawo a ƙarshen mako, babu kamarsa. Ƙarami ne, daga ƙofa zuwa jirgi taku kaɗan ne, da ƙafa ma ake zuwa gindin matakala. Amma ba don baƙon da ya sauka yau da kayan shekara aka yi shi ba.

Ɗan Zazzau:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To yaya zan yi?

Baban Ilham:
Ka koma wurin wanda ya yanka maka tikitin Abuja, ka ce ya haɗa maka har Milan, wanda ke kusa da Bergamo, a tikiti ɗaya, ta yadda kayanka za su wuce kai tsaye, idan kuma an yi latti kamfanin ne zai sa ka a jirgi na gaba. Daga filin Linate ko Malpensa akwai mota zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan.