Kwana tara ban ci dafaffen abu ba, jiri ya fara ɗibata

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon maganar. A Agege nake, shekara shida ke nan da aure ya kawo ni daga Funtuwa. Tun haihuwata ta biyu jikina ya buɗe, ɗinkunan lefena babu wanda ke shiga. A bikin ƙanwar maigida wata yayarsu ta dube ni a gaban mutane ta ce "amarya, lallai Ikko ta karɓe ki", aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma a banɗaki na ƙarasa da kuka. Ita wannan yayar dama tun ranar da aka kawo ni ba ta ƙaunata, ko kayan ɗakina sai da ta kushe. To bayan bikin na je asibiti aka ce jinina ya ɗan hau, aka ba ni magani. Sai na ci karo da bidiyon wata mata a Amurka da ke cin ɗanyen abinci zalla, ba abin da zafinsa ya wuce digiri 48. Na ɗaura niyya. Safe kankana da gwanda, rana kabeji da karas da kokwamba, dare dabino da kunun aya. Na jiƙa wake don ya yi tsiro amma ya yi yauƙi yana wari. Yau kwana tara. Cikina yana kumburi, in na miƙe sai jiri. Maigida ya ce na mayar da kaina akuya. Me zan ƙara? Don Allah kar a ce in bari.

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam 'yata. Kar ki saurari kowa. Jirin nan dauɗar maggi da man gyaɗa ce ke fita daga jikinki. Ni na yi wata biyu a kai, na san abin da nake faɗa. Kuma wai sabon abu! Kakanninmu da gumba suka yi noma, ɗanyen gero ne a daka a dama. Lansir da yalo da goruba wa ya taɓa dafa su? Ki je kasuwar Mile 12 da sassafe lokacin da motocin Arewa ke sauke kaya, kin samu da sauƙi.

Maman 'Yan Biyu: Ke dai kin ji daɗi mijinki akuya kawai ya ce. Ni nawa in na ce a ƙara kuɗin cefane sai ya fara lissafa min kuɗin haya da na mota zuwa Apapa. Kankana ɗaya na saya ran Juma'a har yau ana min gori. Allah dai ya ba mu haƙurin zama da su.

Sista Rabi: Maman Ilham, aikin jinya nake yi, bari in tambaye ki. Kina shan maganin hawan jinin har yanzu? Kin auna jinin tun da kika fara? Wanda ke shan magani ya kuma yanke gishiri da abinci lokaci ɗaya, jininsa na iya sauka ƙasa, ga jiri. Abin da kika lissafa kuma kusan duk ruwa ne da zaƙi, babu abin gina jiki. Waken nan ki zubar. Ɗanyen wake yana da sinadarin da ke ɓata ciki, dahuwa ce ke kashe shi, rogo kuma ya fi shi haɗari. Sannan bitamin B12 daga nama, kifi, ƙwai da madara ake samunsa, ganye ba ya ba da shi. Wuta tana rage bitamin C, gaskiya ne, amma tumatir da karas akwai amfaninsu da jiki ya fi ɗauka in an dafa.

Maman Ilham: Sista na gode. Maganin na ajiye shi tun kwana na uku, ai dama don in rabu da shi na fara. Kuma ba yunwa nake ji sosai ba, sai dai in zan shayar da Abba cikin dare.

Sista Rabi: Innalillahi. Shayarwa kike yi? Watansa nawa? Me ya sa ba ki faɗa tun farko ba?

Maman Ilham: Wata bakwai. Ai ya fara shan kunu, ba nono kaɗai ya dogara da shi ba.

Hajiya Turai: Ku ma'aikatan asibiti ba ku da magana sai tsoratarwa. Mu da muka haifi tara muka yaye su, wa ya taɓa auna mana wani B? 'Yata ki ƙara kwakwa da ɗanyar gyaɗa da fiya, ki sha zuma da lemun tsami da asuba. In kina son nono ki sa a samo miki wanda aka tatso yanzu, ba a dafa ba.

Sista Rabi: Hajiya, da girmanki, wannan ta ƙarshen kam a'a. Ɗanyen nonon shanu yana iya ɗauke da tarin fuka da wasu cututtukan. Kuma waɗanda suka sha gumba da rana, tuwo da miyar kuka suka ci da dare. Maman Ilham, gobe ki je a auna jininki, ki gaya musu kin ajiye magani. Ki mayar da dafaffen abinci sau ɗaya ko biyu a rana, kifi ko ƙwai ko wake, ɗanyen ya zama rabin faranti.

Anti Ladi Idi-Araba: Ni ruwan wankin ganyen ne damuwata. Kun manta kwalarar da aka yi a Legas a 2024? Latas ɗin da ake yayyafa wa ruwan da ba ki san daga ina aka ɗebo ba. Ki wanke da ruwa mai tsabta sosai, abin da ke fereyuwa ki fere. Ni ma na so gwadawa, na sayi bilenda da kuɗin adashina, wata uku layinmu babu wuta, taransifoma ta lalace an karɓi kuɗinmu sau biyu shiru. Tana nan cikin kwalinta.

Ummu Sadik: Mace mai jego da kabeji? Uwar mijinki ta sani kuwa? Kunun kanwa da farfesu kike buƙata, ƙiba ai rufin asiri ce.

Maman Ilham: Anti jego ya wuce tuni. Kuma ba ku ga yadda na yi sauƙi ba ne, zoben aurena har ya fara juyawa. Ita matar bidiyon ta ce sati biyun farko ne masu wuya. In na koma tuwo yanzu ai wahalar kwana tara ta tashi a banza, kuma wannan yayar tasu tana zuwa bayan Sallah.

Hajiya Turai: Yauwa 'yar albarka. Ki kammala kwana arba'in a kai ki zo ki ba mu labari.

Sista Rabi: Ki ci abin da kike so, amma a auna jinin gobe. Za ki je?

Maman Ilham: In sha Allahu zan duba, maigida ne ba ya nan sai Laraba. Hajiya, shi tsiron geron kwana nawa ake barinsa, kuma a cikin me kike rufe shi don kar ya yi wari irin na waken?