Ɗalibai 'yan gudun hijira ba su da makin SS1: ina mafita?

Assalamu alaikum malamai da shugabannin makarantu. Muna neman shawara kan yaran da rashin tsaro ya raba da garuruwansu, suka shigo mana a SS2 ba takardar canjin makaranta, ba katin sakamako. Tsohuwar makarantarsu a rufe take, malaman sun watse.

Karatun muna iya ƙoƙarinmu. Mukan gwada su a Turanci da Lissafi, mu raba su gida biyu, a ba su darasin minti 40 bayan an tashi, sau uku a mako. Matan ma a lokacin tara ake yi musu, don da an tashi talla ko aikatau ke jiransu.

Inda abin ya cije shi ne rajistar WAEC. Ana bukatar makin gwajin cikin aji tun daga SS1, su kuwa babu inda aka shigar da nasu. Ƙirƙiro maki ha'inci ne, ba za mu yi ba. Mayar da budurwa mai shekara 18 SS1 kuma kusan sallamarta ne, aure za a yi mata. Jarrabawar masu zaman kansu tana nan, amma maraya ina zai samo kuɗin?

Shin akwai halastacciyar hanyar da ofishin ilimi na shiyya ke tantance irin waɗannan yara a karɓi makinsu? Wace takarda ake kaiwa, wa ke sa hannu, kuma a wane zango ya kamata a fara? Wanda ya taɓa bi ya taimaka mana, don Allah.