Ni ungozoma ce, ta ina zan shiga harkar bincike?

Ƴar Mabera: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shekarata 6 a ɗakin haihuwa, kuma ina da digirin jinya. Na ji an ce Gidauniyar Gates ta ware dala biliyan 2.5 don binciken lafiyar mata zuwa 2030. Don Allah irina ta ina za ta kama? Na gaji da cika rajista ana jibgewa cikin kabad ƙura na ci.

Malamin Jami'a: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ne, a watan Agustan 2025 suka sanar. Amma irin wanga kuɗi ba hannun mutum ɗaya yake faɗawa ba. Jami'o'i da cibiyoyi ke karɓa, su kuma su ɗauki masu aiki. Dubi binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa da aka fitar a 2023: asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta ja ɓangaren Najeriya. Leda ce mai awo ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jini ya taru a ga adadinsa maimakon kintace, sannan a haɗa magungunan lokaci guda. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. To wa ke shimfiɗa ledar da ƙarfe ukun dare? Ku ne. Ƙofarki ke nan: ki nemi tawagar da ke aiki, ki shiga a matsayin ungozomar bincike.

Maman Biyu: Ki shiga, amma ido buɗe. Na yi wata huɗu ina bin ƙauyuka da wayar tattara bayanai, ga rana ga ƙura, wani gidan sai na yi sallama sau uku kafin maigida ya yarda in ga matarsa. An biya ni kuɗin yini, ban musa ba. Da takardar ta fito na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ko a layin godiya babu ni. Tun ranar farko ki tambaya: mi zan yi sunana ya shiga? In sun ce sai kin taɓa rubutu ko nazarin alƙaluma, ki ce a ba ki ki taɓa.

Ƴar Mabera: Kai Maman Biyu, Allah ya saka miki. Abin da nike tsoro ke nan.

Anti Matiron: Ɗiyata, kina raina rajistar nan taki. A 2009 likitocin UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suka buga bincike kan jijjigar masu ciki, har ana kiran tsarin da sunan Sakkwato. Tambayarsu guda ce: in an yi wa mace alluran farko na magnesium sulphate, giram 14, dole ne a ci gaba har awa 24? Duk wadda ta taɓa tsare ɗaki ita kaɗai da masu jijjiga uku ta san inda tambayar ta fito. Ba cewa na yi ku canza tsarin ɗakinku ba fa, kar gobe a ce Anti ta ce. Ina nuna miki ne daga bakin gado aka ɗauko ta, ba daga Landan ba.

Ɗan Arkilla: Ƙaramin tallafi shi ne daidai da ke. Ƙungiyar RSTMH ta Ingila, mai harkar cututtukan ƙasashe masu zafi, na ba masu fara bincike har fam 5,000, na shekara guda, kuma ba sai kina da digirin digirgir ba. Ana son mai kula da aikin, sai ki fara neman malami tun yanzu. Na asusun manyan makarantu na TETFund kuwa, da IBR (na binciken cikin makaranta) da NRF (na ƙasa baki ɗaya) duka ta hannun malaman manyan makarantun gwamnati suke bi. In ba kya koyarwa, sai dai wani malami ya sa ki cikin tawagarsa.

Malamin Jami'a: Haka ne. In kuma karatu kike so, ga ACEPHAP, cibiyar lafiyar al'umma ta Jami'ar Bayero a Kano, suna da digiri na biyu a fannin lafiyar uwa da yaro, ba ki yi nisa da gida ba. Shirin TDR na binciken cututtukan ƙasashe masu zafi, na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana ɗaukar nauyin digiri na biyu, Jami'ar Ghana na cikin masu karɓar ɗalibansa. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, na neman gogewar aiki ta shekara 2, kin ninka ta uku. Na L'Oréal da UNESCO ki ajiye shi tukuna, na masu karatun digirin digirgir da waɗanda suka gama shi ne.

Maman Biyu: Chevening shekara guda ce a Ingila fa. Malam ya lissafo kamar zuwa Kasuwar Daji. A fara shawo kan maigida da wadda za ta riƙe yara.

Malamin Jami'a: Na karɓi gyara, Hajiya.

Ɗan Arkilla: Kuma kar ki ajiye aikin gwamnati don kwangilar ƙungiya. Kowa ya ga yadda ayyuka suka tsaya cak a farkon 2025 da Amurka ta datse tallafi. Sannan duk wanda ya turo miki fom ya ce ki biya kuɗin rajista kafin a ba ki tallafin bincike, goge shi kawai.

Anti Matiron: Duk kun cika ta da sunaye, ba wanda ya tambaye ta mi take son ta bincika. To faɗi, ɗiyata.

Ƴar Mabera: Anti, matan da ake turo mana daga ƙauye cikin dare suna zubar da jini. Daga shigowarsu zuwa a ɗaura musu ledar jini ta farko, wani lokacin har asuba. Ina son in san awa nawa ne, kuma a ina lokacin ke tafiya: neman ɗan'uwan da zai bayar, ko kuɗin gwaji, ko mai ɗakin awo.

Malamin Jami'a: Wagga tambaya ta isa fam 5,000 ɗin can. Amma kar ki kwafi ko layi ɗaya daga rajista sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku ya ba ki izini a rubuce, in ba haka ba mujallar kirki ba za ta karɓa ba.

Anti Matiron: Rubuta ta a shafi ɗaya ki kawo mani ranar Asabar bayan La'asar. Ki duba ko ana rubuta lokacin shigowa a rajistar taku ma, don a zamaninmu rabin layin nan fanko ne.

Ƴar Mabera: Anti, yau ina aikin dare, zan duba. Amma ina jin har yanzu fankon ne.